Mai da Sheƙi a Jikin Garaya da Gurmi a Ƙasar Mayahi

Shafa wa kayan kiɗa mai a ƙasar Mayahi da Tasawa bai taɓa zama sana'a mai zaman kanta ba. Aiki ne da ya faɗo tsakanin masassaƙi, majemi da makaɗin kansa. Masassaƙi ke fafe itace da gizago ya fitar da kwamin garaya ko molo. Gurmi da goge kuwa ƙwarya ce jikinsu, wadda aka fafe, aka shanya, aka rufe bakinta da fata, galibi ta guza ko damo. Mai shi ne na ƙarshe, kuma dalilinsa na farko tsaro ne, ba ado ba: iskar hunturu tana tsotse danshin itace har ya tsage, damina kuma ta kumbura shi.

Tarihin siyasa ya taimaka wajen ɗorewar waɗannan kaya a yankin. Bayan jihadin 1804, sarautar Katsina ta dā ta ƙaura arewa ta kafu a Maraɗi da Tasawa, wuraren da ikon Sakkwato bai zauna ba. Malaman jihadi sun ƙyamaci kiɗan tsirkiya, amma a nan bori da farauta suka ci gaba a fili, tare da goge da garayar da ke raka su. Muddin akwai makaɗi, akwai mai sassaƙa masa.

Man da ke hannu shi ake shafawa: man shanu daga matan Fulani, man kaɗe da fatake ke kawowa daga kudu, tunda kaɗanya ba ta son rairayin Gulbin Kaba, sai kuma man gyaɗa. Gyaɗa baƙuwa ce daga Amurka ta Kudu, kuma nomanta ya bunƙasa ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, har ta zama babban amfanin sayarwa na jihar Maraɗi a zamanin Faransa, kafin farin 1973 da cutar da ta biyo baya su karya ta. Matan ƙauye masu ƙuli-ƙuli ba su daina tatsar mai ba, don haka bai yanke wa masassaƙi ba.

Yadda ake yi ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. Ana kankare itacen da wuƙa har kaushin gizago ya ɓace. Wani masassaƙin yakan bi shi da jan ƙarfe ya babbake fuskarsa, kamar yadda ake baƙanta akushi, sannan ya lakato mai kaɗan ya murza da tafin hannu ko tsumma, ya ajiye a hantsi itacen ya sha, ya goge rarar. Fata kuwa ba a jiƙa ta da mai, domin idan ta yi laushi murya ta mutu; makaɗi yakan gasa ta a rana ko kusa da garwashi ta ɗaure. Izgar goge ma ƙaro take so, mai kuwa abokin gabanta ne, digo ɗaya ya isa ya sa ta riƙa zamewa babu sauti.

Akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi. Man gyaɗa da man shanu da man kaɗe ba sa bushewa. Suna shiga itace su duhunta shi, amma ba sa yin ɓawo a kansa, idan aka cika su ma sai su yi wari su kama ƙura. Saboda haka sheƙin tsohuwar garaya ba daga kwalba yake ba. Shekaru ne na zufa da gogar hannu da hayaƙin ɗaki, shi ya sa ya fi ƙarfi a wuyan sanda, inda yatsu ke kai da komo.

Wasu masu ƙera jita da hannu a Turai da Amurka sukan yi amfani da wani jinsin mai dabam, irin su linsid da man tung na ƙasar Sin, waɗanda ke haɗuwa da iska su daskare. Ana goge itacen da samfefa mai laushi, a shafa siririn mai da tsumma, a share, a bari ya kwana, a maimaita sau da dama kafin a goge shi ya yi ƙyalli. Tsumman da ya sha irin wannan mai yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi, abin da man gyaɗa ba kasafai yake jawowa ba.

Jita ta shigo Nijar ta hannun makaɗan birane, daga baya ta yi ƙarfi a wajen Buzaye. Ɗaya daga cikinsu, Mdou Moctar, da katako da wayar birkin keke ya haɗa tasa ta farko. A garuruwa irin Mayahi, wanda ya ƙera ko ya gyara jita yakan nufi fenti da man ƙyallin gwangwani na kafintoci, mai saurin bushewa, mai kuma saurin ɓarewa a zafin bazara. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, inda marigayi Malam Maman Barka, gwanin gurmi, ya yi aiki, tana adana kayan kiɗan gargajiya na sassan ƙasar, ciki har da na Hausa.