Baba ta Karo da Aikin Matar Manomi

Masu cewa matar manomi ta dā zaman cin tuwo kawai take yi ba su saurari Baba ta Karo ba, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. Lallai danginta suna da rinji, bayi ke riƙe da fartanya. Amma dawa ba ta zama tuwo a gona: sussuka, surfe da niƙa a kan dutse duk a hannun mace suke, ga kaɗi da mazari, wanda zarensa ke ciyar da masaƙa, kuɗin kuma nata ne. Za a ce bakin tsohuwa ɗaya bai isa hujja ba. To, binciken wani masani, M. G. Smith, a ƙauyukan Zazzau ya tarar da waɗannan sana'o'in mata daram.