Ƙwaƙwalwa, Kiɗa da Wanda Ya Koya wa Kunne Ji

A shekarar 2011, Valorie Salimpoor da Robert Zatorre na Jami'ar McGill da ke Kanada suka wallafa wani bincike a mujallar Nature Neuroscience. Sun nemi mutane su zo da kiɗan da ke sa tsikar jikinsu tashi, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna cikin sauraro. An ga tana sakin sinadarin dofamin, wanda aka san shi da harkar daɗin abinci. Abin da ya fi jan hankali shi ne, sinadarin yakan fara zuba a wani sashe tun kafin kiɗan ya kai gaɓar da mai sauraro ya fi so. Ashe wani kaso na daɗin a cikin jira yake.

To amma mutum ba ya jiran abin da bai sani ba. Nan ne, a ganina, ilimin ƙwaƙwalwa yake kai iyakarsa idan aka bar shi shi kaɗai. A lura fa, kowa da kiɗansa ya zo ɗakin gwajin. Na'ura ba ta zaɓar wa kowa ba. Ta nuna inda daɗin yake sauka, ba ta faɗi wanda ya koya wa kunnen abin da zai jira ba. Wannan tambaya ce ta masana al'adu da tarihi da harshe.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja. A wani bincike da aka wallafa a 2009, Thomas Fritz da abokan aikinsa sun je wajen Mafa, mazauna duwatsun Mandara a arewacin Kamaru, suka kunna wa waɗanda ba su saba da kiɗan Turawa ba wasu sautuka na piyano. Mafa sun bambance na farin ciki da na baƙin ciki da na tsoro fiye da yadda canki-canka zai bayar, ko da yake ba su kamo Turawa ba. Lallai akwai abin da 'yan Adam suka yi tarayya a kai. Sai dai a 2016 Josh McDermott na MIT ya samu cewa Tsimane na dajin Amazon a Bolibiya ba sa fifita haɗin sautin da Turawa ke kira mai jituwa a kan wanda suke kira mai karo. Abin da aka daɗe ana ɗauka halitta ce, sai ga shi sabo yana da hannu dumu-dumu a ciki.

Gaggawar yanke hukunci ta taɓa jawo abin dariya. A 1993 Frances Rauscher ta gwada ɗalibai 36, ta ga sauraron kiɗan Mozart na minti 10 ya ɗan ƙara musu ƙwazo a wani gwaji, ƙarin da ya gushe cikin kusan minti 15. Babu jariri ko ɗaya a binciken. Duk da haka, a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi dala 105,000 don a raba wa jarirai faifan kiɗa.

Wanda ya taɓa zuwa filin dambe ya ga tasirin sabo ido da ido. Makaɗi zai matse kalangu a hammata ya saki taken wani ɗan dambe. Sauran 'yan wasa na zaune abinsu, amma mai taken zai zabura, jiki na tsuma, hannu a ɗaure, ya shiga fili yana kirari. Sauti ɗaya ya shiga kunnuwa ɗari, mutum ɗaya ya tsumu. Bugun zuciyarsa abu ne da za a iya aunawa, amma dalilinsa yana cikin sunansa da na ubangidansa da tarihin mahautan garinsu. David Ames da Anthony King sun tattara irin wannan dangantaka ta kiɗa da sana'a a littafinsu na 1971 kan kiɗan Hausa, aikin da ya kamata masu nazarin ƙwaƙwalwa su leƙa.

Matsalar hanyar bincike ce. A ɗakin gwaji akan kwantar da mutum shi kaɗai, a toshe masa kunne da na'ura, a ce kada ya motsa. Gangar noma kuwa ba a yi ta don kwance ba. A gayya ake kaɗa ta, manoma na jere a kunya, gumi na zuba, makaɗi na bin bayan wanda ya fara sanyi. Mai son auna tasirinta sai ya ɗauki kayan awonsa ya tafi gona da damina, tare da wanda ya san taken kowane manomi.