Daga Tafin Magini zuwa Allon Kwamfuta

Kakana magini ne a wani ƙauye kusa da Koguna, a ƙasar Makoɗa. Ina yaro na sha ganin ya dafa katanga da tafin hannu kafin ya bar kowa ya hau. In sahun tubalin jiya bai bushe ba, ranar babu aiki, ko mai gida ya yi fushi. Sai da na girma na gane cewa hangen haɗari yake yi tun bai auku ba.

Wannan hange tsohon gado ne a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar birni, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. A Zazzau, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajejen 1830 da 'yan kai. Maginan da sun san azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazara ta haura kusan mita 2, shi ya sa suka ƙware a daurin guga da bakan gizo. Ginin yakan tsaya cak a kan gwani kafin a aza tubalin fari, Sarkin Magina kuma yana sa ido.

Da siminti da rodi suka shigo, benaye suka miƙe, sai tafin hannu ya gaza. Ba ya jin abin da ke cikin kankare, wanda ke bukatar kimanin kwana 28 kafin ya yi cikakken ƙarfi. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu. A Agustan 2022 wani benen da ake kan aikinsa ya faɗi a Titin Beirut, cikin Kano. Waɗanda ke ƙarƙashin irin wannan dakin yawanci leburori ne, irin samarinmu da ke barin gona bayan kaka su tafi cin rani.

Fasahar da ake kira BIM ta dawo da tsohon hangen a sabuwar kama. Akan fara tayar da ginin cikin kwamfuta, da ginshiƙansa da bututunsa, sannan a haɗa shi da jadawalin aiki. Injiniya zai ga makon da bakin dakin zai kasance ba shinge, da inda ƙugiya za ta ratsa da kaya bisa kawunan mutane, da ranar da cire tokara zai zama ganganci. Tun 2016 gwamnatin Birtaniya ta wajabta ta a manyan ayyukanta.

Sai dai kwamfuta ba ta hana ɗan kwangila rage siminti. Ƙarfin kakana shi ne in ya ce a sauko, a sauko. Siffar da ta tsaya a ofis, ba ta kai ga mai ɗaukar kwanon kankare da harshen da yake ji ba, ba ta gaji wannan ƙarfin ba tukuna. Ƙanena yana cikin masu ɗaukar kwanon a bana.