Tarihin Umarnin "Danna Yanzu" a Wasannin Bidiyo na Yaƙi da Kasada

Daga cikin al'adun da masu ƙera wasannin bidiyo da masu buga su suka daɗe suna saɓani a kansu, ƙalilan ne suka jawo jayayya kamar wannan da za mu bi asalinta, wato a tsakiyar labari, yayin da jarumi yake cikin halin ƙaƙa-nika-yi, sai wata alama ta bayyana a allo tana umartar mai wasa ya danna maɓalli kaza cikin ƙiftawar ido, in ya dace jarumi ya tsira, in ya makara ya halaka. Ma'abuta sana'ar suna taƙaita sunanta da haruffa uku, QTE. Kuma tun da ba a yanke hukunci a kan mas'ala sai an san sababinta, wajibi ne mu koma shekarar 1983.

A wannan shekara ce aka fito da Dragon's Lair a gidajen wasa na Amurka, inda ake jefa tsaba cikin akwati kafin a buga. Rick Dyer ne ya yi tunaninsa, Don Bluth kuwa, wanda ya bar kamfanin Disney a 1979, shi da jama'arsa suka zana shi da hannu, har ya fito tamkar majigin katun a zamanin da jaruman sauran wasanni ba su wuce ɗige-ɗige masu kusurwa ba. Mutane suka yi ta layi suna biyan santi 50, alhali galibin wasanni santi 25 ne. Asirin abin shi ne an ɗauki hotunan duka tun da farko an zuba su a faifan leza, saboda haka na'urar ba ta da ikon ƙirƙirar motsi ko ɗaya, iyakarta ta tsallaka daga wannan yanki na faifai zuwa wancan: in mai wasa ya karkata sanda ko ya danna maɓallin takobi a kan kari, ta nuna masa jarumi Dirk ya kuɓuta, in ya kuskure ta nuna masa mutuwarsa. Ashe ke nan larura ce ta haifi wannan al'ada, kuma ban ga laifin waɗanda suka fara ta ba, domin ba su da wata ƙofa da za su shigar da hannun mai wasa cikin hoton da aka riga aka gama. Kasuwar ba ta daɗe ba. Wanda ya haddace jerin motsin ya ƙare da wasan, na'urorin faifan kuma suna yawan lalacewa saboda tsalle-tsallen da ake sa su.

Wanda ya raya wannan al'ada, ya kuma raɗa mata sunan da aka san ta da shi, shi ne Yu Suzuki na kamfanin Sega a Japan, cikin Shenmue, wanda ya fito a kan na'urar Dreamcast a ƙarshen Disamba 1999. A nan babu sauran larura, gama garin Yokosuka na 1986 da aka gina a wasan ana yawo cikinsa yadda aka ga dama. Suzuki ya zaɓi al'adar ne da niyya, don kada mai wasa ya naɗe hannu yana kallo lokacin da Ryo Hazuki, mai neman wanda ya kashe mahaifinsa, yake bin wani da gudu cikin lungunan kasuwa. Hikimarsa kuwa ita ce kuskure guda ba kullum yake zama ajali ba. Ryo yakan yi karo da mai wucewa, ya yi tuntuɓe, ya miƙe ya ci gaba.

Shekarar 2005 ce ta raba masu sana'ar gida biyu, kuma a nan ya kamata mai nazari ya dakata. A watan Janairu kamfanin Capcom ya fitar da Resident Evil 4 ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami, inda akwai faɗan wuƙa tsakanin jarumin wasan, Leon, da abokin gabarsa Krauser, wanda dukkansa majigi ne: suna magana, suna zagaya juna, kwatsam alama ta faɗo, wanda bai danna ba ya ga an soke Leon, a mayar da shi baya ya sake sauraron zancen, maɓallan da ake nema kuma suna iya sauyawa don kada ya haddace. A watan Maris sai ga God of War daga Sony, wanda da yawa daga samarinmu suka sani a gidajen gem a kan PlayStation 2. A can alamar ba ta bayyana sai mai wasa ya riga ya galabaitar da abokin gaba da ƙwarewarsa, sa'an nan da'ira ta tsaya bisa kan dodon. In mai kan bijimi ne, sai ka yi ta dannawa da sauri yayin da Kratos, jarumin wasan, yake tura takobi cikin bakinsa shi kuma yana turjewa, har ka ji gajiyar a babban yatsanka; in mai gashin macizai ce, sai ka juya sanda kamar yadda Kratos yake murɗe wuyanta. Abin da hannu yake yi ya yi daidai da abin da ido yake gani, kuma ga ƙananan dodanni wanda bai so ba yana iya ƙyale alamar ya gama da su da sara.

Abin takaici, masu koyi da suka biyo baya sun ɗauki zahirin abin suka bar ma'anarsa, har ya zamana da wuya a buɗe ƙofa ko a tsallake rami ba tare da alama ta faɗo ba, kuma a 2014 Call of Duty: Advanced Warfare ya kai ga umartar mai wasa ya danna maɓalli don girmama mamaci a wurin jana'iza, abin da ya zama abin ba'a a duniya. Illolin a bayyane suke. Wanda yake dakon alama ba ya kallon abin da masu zane suka ɓata watanni suna ƙawatawa, idonsa yana kafe a inda harafi zai fito. Sa'an nan dukkan abin da ya koya na sara da kariya da kaucewa ba ya amfana masa kome a daidai lokacin da labari ya kai ƙololuwa, ya zama kamar mahayin da aka karɓe wa linzami aka bar shi da bulala. Mafi nauyi a wurina shi ne halin masu rauni a hannu, waɗanda za su iya kai wasa ƙarshe da dabara da haƙuri, amma dannawa da sauri ta tare musu hanya. Wannan koke ya samu shiga: Uncharted 4 a 2016 ya ba da zaɓin riƙe maɓalli maimakon maimaita dannawa, Spider-Man na 2018 kuma ya yarda a kashe waɗannan umarni su wuce da kansu.

Ra'ayina shi ne al'adar tana da gurbi a wasannin yaƙi da kasada, amma bisa sharaɗi: ta zo bayan ƙoƙarin mai wasa a matsayin ladansa, motsin yatsa ya dace da aikin jarumi, kuskure guda kada ya zama kisa, kuma a bar wa wanda ba ya iyawa hanyar wucewa. Wadda take faɗowa ba zato cikin majigi don ta kama mai wasa da gafala, larurar da ta halatta ta ta gushe tare da faifan leza, kuma ya kamata a bar ta. Capcom da kansa, da ya sake gina Resident Evil 4 a 2023, ya cire mafi yawan waɗannan alamu, ya mayar da faɗan Leon da Krauser hannun mai wasa, shi ne yake sara, shi ne yake karewa da wuƙarsa.