Likita Beth Levine Da Sharar Cikin Jiki

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya kamar gida take, kullum ana aiki a cikinta, kullum kuwa shara tana taruwa. Idan wani abu ya lalace, sai ƙwayar ta naɗe shi cikin wata 'yar jaka, ta kai shi inda za a narke shi, ta sake yin gini da abin da ya fito. In yunwa ta matsa mata, da haka take ci da kanta. Wani masani na ƙasar Beljiyam, Christian de Duve, shi ya raɗa wa wannan aiki suna cikin 1963, ya kira shi otofaji, watau cin kai da harshen Girka.

Shekara wajen talatin masana ba su kula da shi sosai ba, don ba wanda ya san abin da ke tafiyad da shi. Sai cikin 1993 wani mutumin Japan, Yoshinori Ohsumi, ya gano ƙwayoyin gado goma sha biyar masu wannan aiki a jikin yisti, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi. To, amma yisti dabam, mutum dabam.

Wadda ta haɗa zancen da ciwon mutane ita ce Beth Levine, likitar cututtuka masu yaɗuwa, wadda aka haifa a Amurka cikin 1960. Ita da fari ba cin kai take nema ba. Tana Jami'ar Kolombiya a birnin Niyok, tana binciken wata ƙwayar cuta da sauro ke ɗauka, mai suna Sindbis, sunan wani ƙauye na Masar inda aka fara samunta. Cikin 1998 ta gano wani sinadari a jiki, ta sa masa suna Beclin 1. Ta ga ɓerayen da aka ƙara musu shi sun fi tsira daga kumburin ƙwaƙwalwa. Da ta duba da kyau, ashe ɗan'uwan ɗaya ne daga cikin na yistin nan. Shekara ta kewayo, ta nuna yana ƙaranci a cikin sankarar mama, in kuwa an mayar da shi, ƙarin ba ya girma da sauri.

Daga nan hanya ta buɗe. Masana suka gane tsintsiyar da ke share gida ita ce kuma sandar dukan ɓarawo. Cikin 2004 Vojo Deretic da mutanensa suka nuna cin kai yana hallaka ƙwayar tarin fuka da ta ɓuya cikin ƙwayoyin jiki. A shekarar nan ne Levine ta koma birnin Dalas, ta shugabanci sashen cututtuka masu yaɗuwa. A can, cikin 2007, ita da almajiranta suka gano wata ƙwayar cuta, hapis, tana da nata makamin da take ɗaure Beclin 1 da shi don kada a share ta. Wannan hujja ce mai ƙarfi ƙwarai, gama ɓarawo ba ya wahalar ɗaure karen da ba ya cizo.

Cikin 2013 suka yanko guntun sinadarin nan suka yi wa ɓeraye allura da shi, mutuwa ta ragu cikin waɗanda suka kamu da cikungunya da zazzaɓin Yammacin Nilu. Har yanzu dai bai zama maganin da ake bayarwa a asibiti ba.

An ba Ohsumi kyautar Nobel cikin 2016. Levine kuwa ta rasu cikin watan Yuni na 2020 tana da shekara sittin, sankarar mama ce ajalinta.