Ƙwadago Biyu a Jiha Ɗaya: Manomi, Ma'aikaci da Rikicin Tsohuwar Kaduna

A ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, idan aka ce ɗan ƙwadago, ana nufin mutumin da ya saɓa fartanya da asuba ya nufi gonar wani, aka yi jinga, ya yi noma ko cirar auduga, aka sallame shi da yamma. A bakin mai karanta labarai kuwa, Ƙungiyar Ƙwadago ita ce NLC, mai hedikwata da lauyoyi da ikon rufe ofisoshin ƙasa baki ɗaya. Mutumin farko ba shi da katin ƙungiyar da ta ari sunan sana'arsa. An taɓa yin yunƙurin tara waɗannan biyun a inuwar siyasa guda, kuma a wannan yanki aka yi shi, tsakanin 1 ga Oktoba 1979 da 23 ga Yuni 1981, lokacin da ƙasar Katsina take cikin Jihar Kaduna. Abin da kowannensu ya fita da shi daga wannan yunƙuri ya bambanta ƙwarai.

Auduga ce ta ɗaure su tun kafin siyasa. Kudancin Katsina na daga cikin manyan wuraren noman auduga a Nijeriya: tun shekarun 1920 Turawa suka kafa gonar irin auduga a Daudawa da ke ƙasar Faskari, injin gurza yana Funtuwa, jirgin ƙasa kuma yana kwasa daga can. Da aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya a Kakuri, sai sarƙar ta cika. Manomi ya shuka, ya kai kasuwar auduga, a auna a biya shi farashin da hukuma ta yanke. Ma'aikaci ya karɓi abawa ya mayar da ita yadi. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta sake fasalin ƙungiyoyin ma'aikata, ta dunƙule ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi zuwa manya 42 ƙarƙashin NLC, wadda Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko. Doka ta ba su damar a cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Ma'aikatan masaƙu suka sami tasu ƙungiyar mai mazauni a Kaduna. Manomin da ke ɗaya bakin sarƙar bai sami makamancin wannan ba. Shi abin da ya sani shi ne mai unguwa da dagaci da hakimi, da lokacin haraji, da jangali in yana da shanu.

Zaɓen 1979 mako-mako aka yi shi. Ranar 21 ga Yuli aka zaɓi 'yan majalisun jihohi, NPN ta kwashe fiye da kujeru 60 cikin 99 na majalisar Kaduna. Bayan kwana bakwai, mutanen jihar guda suka koma rumfunan zaɓe suka kayar da ɗan takarar NPN, Alhaji Lawal Kaita, suka ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna. Akwai ɓarakar cikin gida a NPN, akwai kuma taimakon ƙananan jam'iyyu da suka mara wa PRP baya don kada NPN ta haɗa duka. Amma sakamakon shi ne jiha mai kai biyu. Kundin tsarin mulkin 1979 ya ce sai majalisa ta amince kafin gwamna ya naɗa kwamishina. Sau huɗu Balarabe ya aika sunaye, sau huɗu aka mayar masa. Har ya bar ofis bai yi kwamishina ko ɗaya ba.

Yau akan so a ba da labarin a matsayin gabar Katsina da Zazzau, tunda daga baya an raba jihar a 1987. Sunayen 'yan wasan ba su yarda da wannan fassara ba. Gaskiya ne Lawal Kaita Bakatsine ne, haka kakakin majalisa Mamman Abubakar Ɗanmusa, wanda garinsu ke maƙwabtaka da Ƙanƙara. Amma mataimakin Balarabe, Abba Musa Rimi, shi ma Bakatsine ne. Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya zama sakataren gwamnatin jihar kuma ƙwaƙwalwar yawancin manufofinta, jikan Sarkin Katsina Dikko ne. A gidan 'Yar'aduwa, uba yana cikin shugabannin NPN na ƙasa, ɗansa Umaru yana PRP. Tsagin ya bi ta tsakiyar gidaje da zaurukan ƙasar Katsina kanta, kuma a kan wata tambaya ce da NEPU ta ɗaga tun 1950: wane ne zai tsaya tsakanin talaka da hukuma, kuma nawa zai ci a tsayuwar?

Matakin farko na gwamnatocin PRP a Kano da Kaduna shi ne soke haraji da jangali. Wanda bai rayu a ƙauye ba zai ɗauka kuɗi kawai aka yafe. Ai harajin ya fi adadinsa nauyi. Yana zuwa ne da kaka, lokacin da hatsi ya fi arha, don haka manomi kan sayar da mudu da yawa kafin ya haɗa shi. Ta hannun masu sarauta ake tara shi, kuma ta nan ne ake ƙari, ake ɗaure wanda ya gaza, ake tuna wa ɗan adawa matsayinsa. Soke shi ya cire wa dagaci sandar da ya fi dogara da ita. Bayan haka gwamnatin Kaduna ta kafa hukumar binciken filaye, domin sauraron koke-koken manoman da aka raba da gonakinsu.

A kan batun gona ne rikicin ya taɓa Faskari da Ƙanƙara kai tsaye. Tun 1975 Bankin Duniya yake tallafa wa shirin raya noma na Funtuwa, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar tare da na Gusau da Gombe. Shirin ya game gundumomin Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari. Ya kawo taki da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa, kuma duk wanda ya ga yadda masara ta mamaye yankin ba zai ce aikin banza ba ne. Sai dai tsarin shirin ya fi karkata ga manoman da ake kira masu ci gaba da kuma manyan manoma, waɗanda galibi su ne masu sarauta da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Da aka zo batun faɗaɗa shi zuwa jihar gaba ɗaya, gwamnatin Balarabe ta ƙi sharuɗɗan bankin, tana cewa shirin yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, kuma ragamarsa tana hannun baƙi. 'Yan NPN suka ce gwamna ya hana jiha kuɗin raya ƙasa saboda aƙida. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Abin lura shi ne, a duk wannan muhawara a kan ƙaramin manomi, ba a ji wata ƙungiya tasa ta kansa da ta zauna a teburin ba. Malaman jami'a daga Zariya suna magana dominsa, 'yan majalisa suna magana da sunansa. A watan Afrilun 1980, a Bakolori ta Jihar Sakkwato, manoman da madatsar ruwa ta cinye gonakinsu sun yi magana da kansu, ta hanyar tare hanyoyin shiga wurin aikin. 'Yan sandan kwantar da tarzoma aka aika musu, aka kashe mutane da dama.

A ɓangaren ma'aikata, labarin ya bi wata hanya dabam. A 1980 gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka mayar da 1 ga Mayu ranar hutu, abin da ba a taɓa yi a Nijeriya ba, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Da PRP ta dare biyu, Taɓo na Malam Aminu Kano da Santsi na gwamnonin biyu, mutumin da 'yan Santsi suka ɗora a kan shugabanci shi ne Michael Imoudu, jagoran babban yajin aikin 1945. Manufar a bayyane take: tsohon ɗan gwagwarmayar ma'aikatan jirgin ƙasa yana jagorantar jam'iyyar da ƙuri'unta suke ƙauyukan Hausa. A kan takarda, ƙawancen ma'aikaci da manomi ya tabbata.

Amma NLC ba ta rataya makomarta a wuyan wani gwamna ba. A babban taronta na Kano a farkon 1981, Sunmonu ya kayar da David Ojeli, wanda ake gani ya fi sassauci ga gwamnatin Shagari. Ranar 11 ga Mayu ƙungiyar ta kira yajin aikin gama-gari a kan buƙatar mafi ƙarancin albashi na naira 300. Kwana biyu aka yi, gwamnati ta zauna tattaunawa, daga ƙarshe majalisar tarayya ta kafa dokar naira 125 a wata, kimanin dala 200 a canjin wancan lokaci. Majalisar da NPN ta fi kowa kujeru a cikinta ce ta yi dokar, ba don ƙauna ba, sai don an nuna mata cewa ana iya tsayar da jirgi da banki da tashar ruwa a rana ɗaya.

Sai a karanta keɓe-keɓen dokar. Ba ta shafi wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba. Ba ta shafi mai aikin wucin gadi ko wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi ba. Ba ta shafi aikin da ke bin damina da rani, irin na gona, ba. Wato ainihin ɗan ƙwadagon Sabuwa, mai jinga a gonar wani, an fitar da shi ta ƙofa uku. Ba zan kira wannan cin amana daga NLC ba, domin ƙungiya mambobinta take wa faɗa, kuma mambobinta masu takardar albashi ne. Amma ya nuna iyakar ƙawancen da aka yi ta yi wa kirari a filayen taro.

Makonni shida bayan yajin aikin, majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya. Ya nemi kotu ta shiga tsakani, kotu ta ce sashe na 170 na kundin tsarin mulki ya hana ta duba abin da majalisa ta yi a wannan babi. Akwai abin da za a iya faɗa wa ɓangaren majalisar: su ma zaɓarsu aka yi, kuma gwamnan da ba shi da ko kashi ɗaya cikin biyar na kujeru ya ƙi duk wani ciniki da masu rinjaye. Akwai kuma abin da ba za a iya kare su a kai ba, wato hana jiha kwamishinoni kusan shekara biyu don a gurgunta mutum guda. Ba a yi yajin aikin gama-gari don ceto shi ba. Manoman da aka yafe wa haraji kuwa ba su da wata igiya da za su ja. Ƙarfinsu ƙuri'a ce, ita kuma sai bayan shekara huɗu. Abba Musa Rimi ya karɓi mulki. A Kano, ranar 10 ga Yuli, bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad. A 1983 Lawal Kaita ya sami kujerar da ta kuɓuce masa, ya zauna wata uku, soja suka kwace mulki a ranar ƙarshe ta shekarar.

Bambancin ribar biyu ya fito fili bayan ƙura ta lafa. Abin da ma'aikaci ya samu, da ƙarfin ƙungiyarsa ya ƙwato shi, aka rubuta shi a doka, don haka ya wuce gwamnatocin da suka zo suka tafi. An yi ta rusa shugabancin NLC, Babangida a 1988, Abacha a 1994, tana dawowa. Mafi ƙarancin albashi ya zama abin da ake sake ciniki a kansa, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024, duk da cewa hauhawar farashi ta cinye darajarsa. Abin da manomi ya samu kuwa kyauta ce daga sama, daga gwamna mai kyakkyawar niyya, kuma ba a bar masa wata ƙungiya da za ta tsare kyautar ko ta nemi ƙari ba. Dokar albashi ta 2019 ta rage adadin ma'aikata daga 50 zuwa 25, amma ta bar aikin gona a waje kamar yadda aka bar shi a 1981. Sarƙar audugar ma ta tsinke daga baki biyu: an rushe hukumar sayen auduga a 1986, KTL ta rufe a 2002.

A watan Mayun 2021, da gwamnatin Kaduna ta sallami dubban ma'aikata, Ayuba Wabba ya jagoranci NLC zuwa jihar. Aka ɗauke wuta, jirgin ƙasa ya tsaya, bankuna suka rufe, cikin kwana uku gwamnatin tarayya ta kira sulhu. Shekara guda kafin nan, a watan Yunin 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari, mutanen 'Yantumaki a ƙaramar hukumar Ɗanmusa sun fito nasu koken. Ba su da sakatare da zai rubuta wa gwamnati wa'adin kwana bakwai, ba su da aikin da in suka daina wani a Abuja zai ji a jikinsa kafin kaka. Suka tare hanyar da ta bi ta garinsu zuwa Ƙanƙara, suka ƙona tayoyi da allon tallan jam'iyya mai mulki. Bayan wata shida aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara.