Wace ƙwaya ce ke ruɓar da ƙashin mai sikila? Tarihin wata gardamar likitoci

Tun kafin kalmar sikila ta shigo bakin mutane, Hausawa sun san yaron da bayan hannunsa da ƙafarsa ke kumbura, ya kwana yana kuka da damina ko hunturu, aka kuma sa wa lalurar suna amosanin jini. Sai dai ciwo biyu ne ke fakewa a bayan wannan kumburi. Akwai raɗaɗin da ke tasowa idan jinin da ya lanƙwashe ya toshe hanyoyin da ke shayar da ɓargo, wanda yakan lafa bayan 'yan kwanaki. Akwai kuma ruɓar ƙashi, inda ƙwayar cuta ke samun mazauni a cikin ɓargon ta tara mugunya. A gida duka biyun hanya ɗaya ake bi da su: a gasa wurin, wanzami ya kafa ƙaho, idan ya nuna a yi sakiya. Likitocin zamani ma sun daɗe kafin su rarrabe. James Herrick ya bayyana cutar sikila a Chikago a 1910, amma sai a 1951 Hodges da Holt suka ja hankalin likitoci cewa akwai wata ƙwaya da ke yawan bin ƙashin masu sikila, wato Salmonela, dangin ƙwayar taifot.

Abin ya ba da mamaki, domin a jikin sauran yara ƙwayar Stafilokokus, wadda ke zaune a fata da cikin hanci tana haddasa maruru, ita ke da mafi yawan ruɓar ƙashi. Salmonela kuwa ta hanji ce, ana cin ta a gurɓataccen abinci da ruwa. Hujja mafi ƙarfi daga Najeriya ta fito. A asibitin koyarwa na Ibadan, Ralph Hendrickse da Patrick Collard sun wallafa bincikensu a kan yaran ƙasar a 1960, sannan a 1980 Adeyokunnu da Hendrickse suka kawo bayanin yara 63 da Salmonela ta ci wa ƙashi, 57 daga cikinsu masu sikila ne. Dalilin ma ya fito fili daga baya. Toshewar jini tana raunata bangon hanji, sai ƙwayar ta ratsa ta shiga jini. Saifa, wadda aikinta ne ta tace irin waɗannan ƙwayoyi, takan lalace tun mai sikila yana ƙarami. Fashewar jajayen ƙwayoyin jini tana sakin sinadarin ƙarfe da Salmonela ke ƙiba da shi. Ga kuma ɓargon da ya riga ya mutu a wurin da jini ya toshe, wanda garkuwar jiki ba ta iya kaiwa. Shi ya sa sau da yawa ake ganin ta kama ƙasusuwa biyu ko uku a lokaci guda, wani lokaci ma dama da hagu.

Daga nan magana ta shiga littattafan koyarwa, har ta zama amsar jarrabawa. Wani nazari da Burnett da abokan aikinsa suka yi a 1998 ya nuna Salmonela ta ninka Stafilokokus fiye da sau biyu. Amma a 2006 wani likitan ƙashi ɗan Najeriya, Thanni, ya tattara rahotanni ya ga cewa Salmonela ce kan gaba a Amurka da Turai, Stafilokokus kuwa ita ta fi yawa a rahotannin Afirka kudu da Sahara da Gabas ta Tsakiya. Wannan abin dubawa ne ƙwarai: yaya za a yi ƙwayar da ke yaɗuwa ta ruwa maras tsabta ta fi bayyana a inda ruwa ya fi tsabta? A ganina, alƙaluman nan sun fi ba da labarin yadda mara lafiya ke isa asibiti fiye da labarin ƙwayoyin kansu. Yaron da ƙaurinsa ya kumbura yakan fara da kemis, a ba shi kafso na kwana uku bisa zaton taifot ne, sai Salmonela ta ƙi tsirowa a gwajin jini alhali tana nan a ɓargo. Idan kuma an makara har ƙashin ya huda fata yana tsiyayar da mugunya, ma'aikaci ya goga auduga a bakin gyambon, abin da zai tsiro a farantin gwaji galibi ƙwayar fata ce.

Wani zai ce wannan kare tsohon ra'ayi ne kawai, ai Stafilokokus ma tana cin ƙashin masu sikila da gaske. Haka ne, ba a musu. Yaron da ke fama da ƙuraje da gyambon ƙafa, aka kuma tsaga masa fata da aska, ya buɗe mata ƙofa, kuma ba mamaki a wasu garuruwan ita ce ke da rinjaye. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki ƙidayar asibiti a matsayin hoton al'umma. Binciken da aka yi a yankin Garki, wanda yanzu ke jihar Jigawa, a shekarun 1970 ya samu kusan kashi 2 cikin 100 na jarirai suna da sikila, amma da kyar ake samun mai ita a cikin manya. Ke nan yawancin ƙananan yaran, waɗanda su ne Salmonela ta fi kamawa, sun rasu a ƙauye ba tare da an ɗebi jininsu ba, kuma ba sa cikin lissafin kowane ɓangare na gardamar. Saboda haka likitan da ke Kano ko Maraɗi ba shi da hujjar zaɓar ƙwaya ɗaya bisa abin da ya haddace. Aikinsa shi ne ya ɗebi jini, da mugunya daga ƙashin kansa in da hali, kafin allurar farko, ya fara da maganin da ke kashe duka biyun, sannan ya gyara idan sakamako ya fito, a ci gaba da magani har makonni huɗu zuwa shida.